Wa Ke Da Ikon Raɗa Wa Mutum Sunan Ɗan Ta'adda?

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wata kalma da ta zauna a bakinmu shekara goma sha biyar da wani abu, muna jin ta a rediyo safe da yamma, muna karanta ta a shafukanku, amma ba kasafai muke tsayawa mu tambayi abin da take nufi ba, balle mu tambayi wanda ke da ikon ɗora ta a kan wani. Kalmar ita ce ta'addanci. Abin da nake son faɗi shi ne, ya kamata wannan suna ya bi aikin da mutum ya aikata, ko wane ne shi, domin muddin aka bar wa mai mulki shi kaɗai ya zaɓi wanda zai kira da shi, to an miƙa masa mabuɗin da ke buɗe ƙofar gidan kowa.

Kada wani ya ɗauka cewa ina ƙoƙarin rage girman bala'in da ya same mu. Ina cikin Kano ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, lokacin da bama-bamai suka tashi a wurare da dama cikin yammaci guda, aka rasa rayuka aƙalla 185, kuma ban manta da yadda muka kwana a ƙasa ni da iyalina, fitila a kashe, muna ƙirga ƙarar harbi har gari ya waye ba. Na san mutanen da suka fita sallar Juma'a a babban masallacin cikin gari ranar 28 ga Nuwamban 2014 ba su dawo ba. Wanda ya yanka ɗalibai a makarantar kwana ta Buni Yadi, da wanda ya kwashe 'yan mata 276 daga Chibok, da wanda ya ɗaure manoman shinkafa na Zabarmari ya yi musu yankan rago a ƙarshen 2020, babu mai hankalin da zai yi gardama a kan sunan da ya dace da su. Gwamnatin da ta kasa yaƙar irin waɗannan mutane ta kasa aikinta na farko, domin kundin tsarin mulkin 1999 da kansa ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Saboda na san zafin abin ne nake ƙyashin a yi arha da sunansa.

Bahaushe ya san asalin wannan kalma tun kafin ta shiga labaran duniya. Idan shanu suka faɗa gonar mutum suka cinye masa dawa, cewa ake yi sun yi ta'adi, kuma idan yaro ya fasa tulu da gangan, uwarsa kan ce ya cika ta'adi. Tushen kalmar daga Larabci yake, ma'anarsa ƙetare iyaka da shiga haƙƙin wani. Idan aka kai ƙarar ta'adin gona gaban mai gari, gonar ake zuwa a duba, a ga abin da aka ɓata, a ƙiyasta shi, sannan a nemo mai shanun, kuma hukuncin ba ya canjawa don shanun na attajiri ne ko na hakimi. A ganina wannan tsohuwar fahimta ta fi wadda muke amfani da ita yanzu lafiya, domin ita ɓarnar take fara dubawa kafin ta dubi fuskar mai ɓarnar.

Su ma Turawa da suka yaɗa tasu kalmar a duniya, gwamnati suka fara kira da ita. A Faransa, tsakanin 1793 da 1794, mahukuntan juyin juya hali ne suka mai da tsoratarwa hanyar mulki, suka yanke wa mutum kusan 17,000 hukuncin kisa da sunan kare ƙasa daga maƙiya, kuma daga wannan zamani ne sunan ya samo asali. Daga baya ne gwamnatoci suka juya kalmar ta koma kan masu yaƙar su kaɗai. Marigayi Nelson Mandela ya karɓi lambar zaman lafiya ta Nobel a 1993, ya zama shugaban Afirka ta Kudu a 1994, amma sunansa bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai a 2008. Majalisar Ɗinkin Duniya ta shafe fiye da shekara ashirin tana tattauna daftarin babbar yarjejeniya kan ta'addanci ba tare da ƙasashe sun amince da ma'ana guda ba, kuma abubuwan da suka hana yarjejeniyar su ne matsayin masu gwagwarmayar ƙwatar 'yanci da kuma tambayar ko ayyukan sojojin gwamnati za su shiga cikin ma'anar. Ƙasashen Afirka, da yake sun ɗanɗana mulkin mallaka, sun rubuta a yarjejeniyarsu ta birnin Aljiyas a 1999 cewa gwagwarmayar al'umma don kuɓuta daga mamaya ba ta cikin ta'addanci. Duk wannan yana nuna cewa rigimar ma'anar kalmar rigimar iko ce tun fil azal.

A Najeriya an yi dokar yaƙi da ta'addanci ta farko a 2011, aka yi mata gyara a 2013, sannan aka maye gurbinta da sabuwa a watan Mayun 2022. Yawancinmu ba mu taɓa karanta ta ba, ni ma sai da wani ɗalibina da ya zama lauya ya zaunar da ni ya fassara mini wasu sassanta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin da ke tsakanin wanda ake zargi da laifi na yau da kullum da wanda aka ambaci wannan kalma a kansa. Tsarin mulki ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya, ko kwana biyu idan kotun tana da nisa. Amma a ƙarƙashin wannan doka, hukuma tana iya zuwa gaban alƙali ita kaɗai, ba tare da wanda ake zargi ko lauyansa suna wurin ba, ta samo izinin tsare shi har kwana 60, kuma ana iya sabunta izinin. Haka ma haramta ƙungiya: ministan shari'a ne ke kai buƙatar gaban alƙali, a saurare shi shi kaɗai, a buga hukuncin a jaridar gwamnati, daga ranar kuwa zama ɗan ƙungiyar ko taimaka mata ya zama babban laifi. Ke nan kalma guda tana mai da kwana biyu su koma wata biyu, tana kuma kawar da haƙƙin mutum na a ji ta bakinsa kafin a yanke abin da zai shafe shi.

Na ga abin da wannan ke nufi a ƙofar gidana. Akwai wani yaro maƙwabcinmu, mai koyon ɗinki, ɗan shekara goma sha tara a lokacin, wanda aka haɗa da shi a wani kame na kan mai uwa da wabi da aka yi da asuba a unguwarmu bayan wani hari, a shekarun da abin ya yi tsanani. Da silifa ɗaya a ƙafarsa aka jefa shi mota, ɗayan yana nan a bakin zaure har rana ta yi tsaka babu wanda ya iya ɗauke shi. Mahaifiyarsa, wadda ƙosai take sayarwa, ta yi ta yawo daga wannan ofis zuwa wancan da tuwo a kwanon sha ɗaure cikin ɗankwali, ko'ina ta je sai a ce mata ba a san da shi ba, ko a ce maganar ta fi ƙarfin nan. Abin da ya fi ba ni kunya, Malam Edita, shi ne halinmu mu maƙwabta. Da a ce da sata aka zarge shi, da dattawan unguwa sun ɗunguma sun je beli, kamar yadda muka saba. Amma da aka ce zargin ta'addanci ne, sai kowa ya kama kansa, mata suka rage shiga gidan, masu sayen ƙosai suka koma wani layi, ni kaina sai da na yi kwana uku ina jinjina abin kafin na iya shiga in yi mata jaje. Bayan shekara biyu da 'yan watanni ya dawo, ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba, babu takardar da ta ce ya yi laifi, babu wadda ta ce bai yi ba. Ya dawo da tari da ciwon ido, zare ba ya shiga masa allura, kuma maigidan da ke koya masa ɗinki ya ce yana jin tsoron mayar da shi shago.

Ba shi kaɗai ba ne, kuma alƙaluman gwamnati da kanta sun tabbatar da haka. Lokacin da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin Wawa da ke Kainji a watan Oktoban 2017, zagayen farko ya ƙare da samun mutum 45 da laifi, aka sallami 468 saboda babu hujjar da za a ci gaba da tuhumarsu. Da yawa daga cikinsu sun shafe shekaru a tsare kafin wannan rana. Duk wanda ya dubi waɗannan lambobi biyu ya san cewa komar da aka jefa ta kamo abin da ba shi aka je nema ba, kuma kowane ɗaya daga cikin 468 ɗin nan yana da uwa irin maƙwabciyata.

Idan muka dubi jerin ƙungiyoyin da aka haramta, za mu ga inda ma'auni ya karkace. An haramta Boko Haram da Ansaru a 2013, wannan babu mai ja. An ayyana ƙungiyar IPOB ta masu neman ɓallewar Biyafara a matsayin ta 'yan ta'adda a watan Satumban 2017, sannan Harkar Musulunci ta mabiya Malam Ibrahim Zakzaky a watan Yulin 2019, kwanaki kaɗan bayan wata zanga-zanga a Abuja da aka rasa rayuka a cikinta. Amma 'yan bindigar da suka ƙona ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato, suka sa wa manoma haraji kafin su girbe gonakinsu, suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020 da wasu ɗaruruwan 'yan mata a Jangebe a Fabrairun 2021, ba su sami wannan suna a hukumance ba sai da kotu ta yanke a Nuwamban 2021, aka buga a jaridar gwamnati a Janairun 2022. Ni ba ɗan Shi'a ba ne, kuma na sha takaicin tare hanya da muzaharorinsu suka riƙa yi, ba na kuma goyon bayan a raba ƙasar nan. Amma dole mutum ya tambaya: me ya sa wanda ya ƙalubalanci gwamnati a kan titin Abuja ya sami sunan cikin kwanaki, alhali wanda ya shekara goma yana kashe talaka a daji sai da aka yi ta roƙo? Amsar da zuciyata ke ba ni ita ce, sunan ya fi saurin sauka a kan wanda ya taɓa kujerar mulki fiye da wanda ya taɓa ran talaka.

Akwai kuma wani abu a hukuncin 2021 da mai jin Hausa ne kaɗai zai lura da shi. Sunayen ƙungiyoyin da aka rubuta su ne 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda da makamantansu. Waɗannan kalmomi ne na gama-gari da muke siffanta mutane da su, babu wata ƙungiya mai shugaba da rajista da ke amsa su. Na yarda cewa dabar daji ba ta da katin shaida, kuma na fahimci wahalar da masu rubuta takardar suka fuskanta. Sai dai idan iyakar haramcin ba ta fito fili ba, mai bindiga a shingen hanya ne zai riƙa yanke wanda ya shiga ciki, kuma a nan ne Bafulatanin da ya kawo nono ko ya koro shanunsa kasuwa, da mai sayar da burodi a ƙauyen bakin daji, da ɗan acaɓan da aka tilasta wa ɗaukar kaya da bindiga a ƙeyarsa, suke shiga uku.

Abin da ya faru a 2024 ya kamata ya farkar da duk wanda ke ganin wannan magana ba ta shafe shi ba. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, an samo izinin kotu na tsare mutane fiye da ɗari har kwana 60 bisa zarge-zargen da suka haɗa da ta'addanci. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da wasunsu a babbar kotun tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, sai ga yara ƙanana a cikinsu, yawancinsu daga Kano da Kaduna, ramammu, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali, aka kuma sa wa kowannensu belin naira miliyan 10. Sai da hotunan suka zagaya duniya sannan shugaban ƙasa ya ba da umarnin a sake su. An yi fashe-fashe da sace-sace a wancan lokaci, na gani da idona, kuma wanda ya fasa shagon wani akwai dokar da ta tanadi hukuncinsa. Amma ita kanta dokar ta'addanci ta faɗa ƙarara cewa zanga-zanga ko yajin aiki ba ta'addanci ba ne muddin ba a nufi kisa ko mummunar ɓarna da su ba. Duk da wannan sharaɗi yaran suka yi wata uku a tsare, kuma abin da ya fitar da su kyamarar 'yan jarida ce da umarnin mutum ɗaya, alhali doka ce ya kamata ta hana shigarsu tun farko.

'Yan'uwanmu na Nijar ma suna kan wannan gaɓa. A watan Agustan 2024 gwamnatin soja ta kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da hannu a ta'addanci ko cutar da muradun ƙasa, wanda shiga cikinsa kan iya jawo ƙwace wa mutum takardar zama ɗan ƙasa tun kafin kotu ta same shi da laifi, kuma cikin waɗanda aka fara yi wa haka akwai jami'an gwamnatin da aka hamɓarar.

Sai kuma ɓangaren da ya fi nauyi a baki, wato jinin da hukuma da kanta ta zubar. An kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a ƙarshen Yulin 2009, bayan sojoji sun miƙa shi da ransa, aka rufe bakin da ya kamata ya yi bayani a gaban kotu, magoya bayansa kuma suka sami abin kafa hujja na shekaru. Kwamitin binciken shari'a da gwamnatin Kaduna ta kafa ya tabbatar da cewa an binne mutum 347 a kabari guda bayan arangamar sojoji da mabiya Malam Zakzaky a Zariya a Disamban 2015. Jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, mutum fiye da ɗari suka mutu. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri, aka binne aƙalla 85. Ba ina cewa sojan da ya yi kuskure daidai yake da wanda ya ɗaura bam ya shiga masallaci ba, domin niyya tana da matsayi a shari'a da kuma a hankali, kuma ina girmama dubban sojoji da 'yan sandan da suka bar marayu a wannan yaƙi. Abin da nake cewa shi ne, idan kuskure ne, a nuna yadda aka yi shi a bainar jama'a, a hukunta wanda ya yi sakaci, a biya diyya cikakkiya. Idan kuma ganganci ne, to kakin da ke jikin mai laifin bai kamata ya canja sunan laifin ba. Uwar da ta rasa 'ya'ya huɗu a dare ɗaya ba ta da wata kalma dabam da za ta kira abin da ya same ta don kawai wutar daga sama ta sauko. Idan mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi, da wane baki zai tsawatar?

Na san abin da za a ce mini, domin abokaina a majalisarmu ta bayan la'asar sun sha faɗa mini. Za a ce yaƙi ake yi, maƙiyi ba ya jiran takardar kotu, shaidu suna tsoron fitowa, kuma alƙalai ma mutane ne masu iyali. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ban ce a soke dokar ba, ban kuma ce kada a tsare wanda aka kama da makami ba. Marigayi Shugaba Buhari ya taɓa gaya wa taron lauyoyi a 2018 cewa tsaron ƙasa yana gaba da bin doka. Ni ina ganin a nan ne kuskuren yake, domin wanda zai yanke cewa tsaron ƙasa ya taso shi ne kuma wanda doka ke son ta ɗaure wa hannu. Malamanmu na fiƙihu sun san laifin tare hanya da tsoratar da bayin Allah, sun kira shi hiraba, hukuncinsa kuma yana cikin mafi tsanani, amma saboda tsananin nasa ne suka gindaya sharuɗɗan shaida masu ƙarfi, suka ce shubuha tana kawar da haddi, suka kuma ce gara shugaba ya yi kuskure wajen afuwa da ya yi kuskure wajen uƙuba. Ko ta fuskar dabarar yaƙi ma, ƙauyen da aka kwashe wa samari ba gaira ba dalili ba zai sake kai wa hukuma rahoton baƙon fuska ba, kuma babu jirgin da zai iya gano abin da mai unguwa da mai shayi suka sani.

Ina kira ga 'yan majalisarmu na tarayya, musamman na Arewa da mazaɓunsu suka fi ɗanɗana abin ta fuska biyu, da su sake duba dokar 2022. A sa iyaka ga yawan sabunta izinin tsarewa, kuma kada a sabunta shi sai an kawo mutumin gaban alƙali da lauyansa, alƙali ya gan shi da idonsa. A wajabta sanar da iyali inda ɗansu yake cikin 'yan kwanaki. A ba ƙungiyar da aka haramta damar a saurare ta a buɗaɗɗiyar kotu cikin ƙayyadadden lokaci, a kuma riƙa sake duba kowane haramci bayan 'yan shekaru. A hana amfani da wannan doka a kan yara da masu zanga-zanga da 'yan jarida ta hanyar hukunta jami'in da ya yi hakan da gangan. Wanda aka tsare aka sake shi ba tare da tuhuma ba, a ba shi takardar wanke shi da diyyar kwanakinsa. Su tuna cewa kujera juyawa take yi, kuma wanda ke jam'iyya mai mulki yau yana iya wayar gari cikin 'yan adawa, dokar da ya sa wa hannu tana jiran sa.

Ku ma 'yan jarida akwai naku. Sau da yawa sanarwa takan fito cewa an hallaka 'yan ta'adda kaza a daji kaza, ku buga ta yadda ta zo, ba tare da kun ce hukuma ce ta faɗa ba, ba tare da an tambayi mutanen yankin su wa aka binne ba. Labarin Tudun Biri bai fito ba sai da mutanen garin suka yi magana da bakinsu. Ina roƙon jaridarka ta riƙa rubuta "waɗanda ake zargi" har sai kotu ta yanke, ta kuma tura wakili ya nemi sanin adadin mutanen da ke tsare a yanzu a ƙarƙashin izinin kwana 60, da sau nawa aka sabunta wa kowannensu, da nawa ne a cikinsu ba su kai shekara 18 ba. Idan wakilin naku yana son ya fara da ganin abin da ido, ina iya raka shi gidan maƙwabciyata. Ɗan nata yana nan, yanzu ruwa yake turawa a kura, kuma ya ce zai yi magana idan ba za a buga sunansa ba.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
daga birnin Kano.